Sunan Kuku Yana Cikin Takardarku?

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi bayan la'asar, ita ce kuma take rubuta wannan, saboda haka in ka ga an tsallake wani abu ka san inda za ka kai ƙara.

Wato yanzu kai ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibanku, kuna shirin taron shekara bayan Babbar Sallah, kun kuma tara sunayen 'yan makarantarku da malamanku da suka riga mu gidan gaskiya. Wasu sun ce a miƙe a yi shiru na minti ɗaya, wasu sun ce a sauke Alƙur'ani, wasu sun ce duka biyun bidi'a ne, wani kuma ya kawo shawarar a buga hotunansu a kalanda a raba. Shi ne kake tambayata wanne ne al'adarmu. Sai da na yi dariya har na ƙware. Yau ga ɗan Bauchi, jikan liman, yana neman a rubuto masa yadda ake tuna mamaci. Da dariyar ta lafa kuma jikina ya yi sanyi, don in kai da ka tashi a gidan nan kana wannan tambaya, ina ga 'ya'yanku.

Shirun da kuke gardama a kansa na san shi tun ina sa gajeren wando. Na Turawa ne. Yaƙin duniya na farko ya tsaya ranar 11 ga Nuwamba 1918, sai Ingila ta riƙe ranar don tuna sojojinta, a yi tsit na minti biyu da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mu ma da muke ƙarƙashinsu aka shigar da mu. Daga baya ne Nijeriya ta mayar da tata ranar zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A zamaninmu sai a jera mu a rana, tsofaffin sojan da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama a gaba da lambobinsu a ƙirji, mu kuwa yara ba wanda ya gaya mana abin da ake yi a cikin shirun. Wani yana ƙirge a zuci, wani yana danne dariya, firfet yana zare ido yana neman wanda zai rubuta.

A cikin sojan nan akwai kukunmu. Kowa Baba Kuku yake ce masa, har hedimasta. Mutumin Barno ne, Hausarsa ba ta gama nuna ba, ya dawo daga yaƙi da ɗingishi a ƙafar hagu. Kafin kiran assalatu ya hura wuta, kafin a buga ƙararrawa kunu ya sauka. Gabzar da yake tuƙa mana ba zan yi maka ƙarya in yabe ta ba, miyar kukar ma kana iya ganin fuskarka a ciki. Amma yana da wani hali. Duk shekara in an kawo sabbin yara 'yan aji ɗaya, yakan lura da wanda ya fi nisan gida, wanda ba mai zuwa duba shi, wanda manya suke ƙwace wa kwano. Da dare sai ya kira shi bayan kicin ya cika masa aljihu da ƙanzo, ya ce in ya faɗa wa wani zai yanke masa kunne. Ni daga ƙauye aka kawo ni, kafin ubanmu ya dawo cikin gari, don haka na ci ƙanzon nan, kunnena kuma ga shi har yau.

A daminar 1965 ya rasu, ana tsakiyar marka. Mun tashi da asuba ba hayaƙi a kicin, abin da ba mu taɓa gani ba. Ashe cikin dare ciwon ciki ya murɗe shi, kafin gari ya waye rai ya yi halinsa. Ba shi da kowa a Bauchi sai matarsa da wata 'yar yarinya da ba ta wuce goyo ba. Shugaban makarantar Bature ne. Ya tara mu, ya faɗi rasuwar da Turanci, ya ce mu sunkuyar da kai mu yi shiru, sannan kowa ya wuce aji. Muka yi. Ana gamawa malamin Arabiyya, wani ɗan siririn dattijo da ba ka jin muryarsa sai a aji, ya matsa kusa da shi ya yi masa magana a hankali. Ba mu ji abin da ya ce ba, mun dai ga Baturen ya yi jim, sannan ya ɗaga kai ya ce yau ba karatu.

Malam ya cire hularsa ya bi layi da ita. Mai kwabo ya jefa, mai sisi ya jefa, ɗan wani hakimi ya jefa sule guda aka yi ta kallonsa. Malamai suka cika, aka aiki masinja kasuwa a keke ya sayo alawayyo. Malam da maigadi da wani lebura suka yi masa wanka, ya kira manyan ɗalibai biyu ya ce su tsaya su gani, don wata rana su za su yi wa wani. Haƙa kabari kuwa, ka san ƙasar Bauchi, ka sara kaɗan ka tarar da dutse. Waɗanda suka karɓi diga suka fi kowa shan wahala yaran Bogoro da Tafawa Ɓalewa ne, da wasu 'yan Tangale daga Kaltungo da Billiri, don a lokacin duk lardi ɗaya muke, ba a cire Gombe ba sai 1996. Kiristoci ne yawancinsu. Ba wanda ya sa su. Ɗayansu ya ce shi ma ya ci ƙanzo, a nan muka gane ashe kowa yana zaton shi kaɗai ake ba wa.

Muka ɗauki makara, ana karɓa-karɓa, kowa yana son kafaɗarsa ta taɓa. Ruwa bai ɗauke ba. Fararen kayan makarantarmu suka koma ja da laka. Da aka jera sahu za a yi salla, yaran nan Kiristoci suka ja gefe ƙarƙashin wata tsamiya suka tsaya, Baturen ma ya je ya tsaya tare da su, hularsa a hannu, ruwa yana bin sanƙonsa. Aka sallace shi, aka sa shi a makwancinsa, suka dawo aka mayar da ƙasa tare. Ba wanda ya tambayi wani me ya halatta gare shi. Kowa ya san inda nasa ya tsaya.

Mun ɗauka an gama. A hanyar dawowa malam ya tsayar da mu ya ce, "Kun rufe shi, saura nauyinsa." Matar za ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba dangi kusa, ba mai ɗebo mata ruwa. Ya raba mu bisa ɗakunan kwana, kowane ɗaki da makonsa: ruwa da safe, itace ranar Asabar, a ajiye a ƙofar gida a yi sallama a juyo. Wanda ya yi fashi ba bulala, malam zai dai kalle ka a aji ya tambaye ka ko jiya ka sha ruwa. Gara bulalar. Da muka tafi hutu matan malamai suka karɓa. Ranar da ta fita takaba aka sake bin layi da hula, aka haɗa mata kuɗin mota da ɗan guzuri, muka ɗauki kayanta a ka har tasha.

Ba a daɗe ba aka yi rasuwar da ta girgiza garin nan gaba ɗaya. Ranar 15 ga Janairu 1966, cikin azumi, sojoji suka yi juyin mulki, bayan 'yan kwanaki aka kawo gawar Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa gida aka binne. Sallar wannan shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Abin da na lura da shi a zauren ubanmu shi ne, dattawan da suke zuwa ba Firayim Minista suke kuka ba, malaminsu suke kuka. Ya koyar a Midil ta Bauchi bayan ya gama Kwalejin Katsina, har ya zama hedimasta, don haka rabin masu riƙe da alƙalami a En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamanin, ta hannunsa suka bi. Wannan ya tuna yadda ya gyara masa Turanci, wancan ya tuna marin da ya sha. A Midil ɗin nan Malam Aminu Kano ma ya koyar, a nan suka yi zamansu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, shi kuma Malam Aminu a 1983. To waɗannan ba su jiran takardarku. Ga jami'a da sunan Abubakar, ga filin wasa, ga hubbarensa baƙi suna zuwa, ga fuskarsa a naira biyar. Allah ya jiƙansu, sun yi aiki an kuma san sun yi.

Ban ga takardar taku ba, amma zan iya faɗa maka yadda ta fara: tsohon kwamishina, babban sakatare, kanar, farfesa, sai hedimastoci a jere. Akwai kuku a ciki? Akwai maigadi, da mai buga ƙararrawa, da direban da ya kai ku wasan ƙwallo Azare? Akwai yaron da zazzaɓi ya ɗauke yana aji biyu, bai kai ga zama kowa ba, uwarsa kuma wataƙila tana nan da rai, ba wanda ya ƙara ambata mata sunansa? Kakanka, Allah ya kai haske kabarinsa, yakan ce mamaci ba ya cin tuwo, amma ya bar masu ci. Ba ya zuwa gaisuwa hannu rabbana, ko da ƙwaryar gero ce, kuma ba ranar uku yake kaiwa ba, lokacin da gida yake cike. Sai an watse, an naɗe tabarmi, sannan za ka ga ya saɓa buhu a jaki.

Ku kuwa yanzu na ga yadda kuke yi, ƙanwarka tana nuna mini. A sanar da rasuwa a WhatsApp, kafin ka ƙifta ido mutum ɗari sun manna hoton Innalillahi, ko rubutawa ba sa yi da hannunsu, can ƙasa wani ya sako tallar shadda. A je jana'iza a tarar da sahu biyu. Goggonmu takan ce zumunta a ƙafa take, ba ta san za a zo zamanin da za ta koma babban yatsa ba. Ga matan malamanku nan cikin gari, wata shekara da shekaru tana bin haƙƙin mijinta daga wannan ofis zuwa wancan, alhali wanda fayil ɗin yake kan teburinsa mijin nata ne ya koya masa rubutu. A ƙungiyarku akwai lauya, akwai likita, akwai mai faɗa a ji. Kuɗin da za ku kama zauren otal da shi ku ci kaji, nawa ne?

Maganar bidi'a ba ni za ka sa a tsakiya ba. Mun tashi ana sadakar uku da bakwai da arba'in, a soya masa a dama gumba a raba wa almajirai, ba mai cewa uffan. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 magana ta rabu, har a cikin gidan nan, ka san baffanninka biyu da ba sa zama tabarma ɗaya ranar bakwai. Kowane ɓangare yana da malamansa, ni kuwa ba malami ba ne. Abin da na sani, ban taɓa jin wanda ya yi musun hadisin nan ba, cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Malaminku ya bar na biyun a kawunanku. Rijiya a makarantar da yara suke shan wahalar ruwa, ko kuɗin makarantar marayun da ya bari, ban ga ɗan Izala ko ɗan ɗariƙa da zai tashi ya fita don an kawo wannan ba. 'Yan ajinku Kiristoci ma da su za a yi, su ma suna da nasu mamatan a takardar, kada ku karanta sunayen ku tsallake su, kada kuma ku tilasta wa kowa addu'ar da ba tasa ba.

Kalanda kuwa, hoton mutum da shekara ta ƙare ina yake komawa? Na sha sayen ƙosai a cikin fuskar manyan mutane. Ka tambayi iyalansu tukuna, wata ba ta son ta ɗaga kai kullum ta ga mijinta a bango, wata kuma za ta so. Sannan ku tabbatar da kowane suna kafin ku kai wa mai bugawa. A taronmu an taɓa karanta sunan wani cikin mamata, ana shafa fatiha sai ga shi ya shigo da sandarsa yana tambayar ina aka ajiye abinci. Ashe wansa ne ya rasu, suna ya zo ɗaya. Har ya koma ga Allah da gaske bai daina yi wa sakatarenmu gori ba.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, ka taho da takardar. Malamanku na farko da yawa 'yan ajinmu ne ko na bayanmu kaɗan, na san gidajen wasu a Jahun da Kobi da wajen Ƙofar Ran, in ba a sayar ba. Ka zo da mota, ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu, ka kuma sa babbar riga, don gidajen surukan mutane za mu shiga. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare.