Giɓin da ke saman ƙofa a gidan gungume

Ka gaya mini cewa mai gidan nan da aka gina bangonsa da gumagumai ya matsa yana so ya tare kafin sanyi ya kankama. Ya nuna maka giɓin da aka bari a saman ƙofar gaba, wanda hannu ke shigewa har wuyan hannu, ya ce a cike shi, a ɗaure firam da ƙusa a jikin gumagumai a huta. Kai ma ka ce abin ya ɗaure maka kai: an yi watanni ana daidaita gungume a kan gungume har takarda ba ta shiga tsakaninsu, sai kuma a bar rami a saman kowace ƙofa da taga? To saurara, ɗana. Mutumin ya gina bangon nan da hannunsa, ya sha wuya, kuma idan aka biye masa a kan wannan, nan da shekara biyu ƙofar ba za ta buɗu ba.

Ka san halin ƙofar katako a gida. Da damina ta kumbura ta ƙi rufuwa, da hunturu ta motse har ana hango haske ta gefenta, amma tsawonta na nan yadda yake. Itace a kauri da faɗi yake motsewa. Gungume mai tsawon mita 6, daga ɗanye har ya bushe, da ƙyar zai rasa santimita ɗaya a tsawo. Amma mai kaurin santimita 30 kacal, shi ma kusan santimita ɗaya zai rasa a kaurin. Bangon gidan nan kuwa gumagumai ne a kwance, tara ko goma a kan juna, kowanne yana ramewa. Ka tara ramar ka ga inda bango zai dosa: ƙasa.

Ba ya farawa nan take, shi ya sa yake yaudarar mutane. Ruwan da ke cikin ramukan itace yana fita ba tare da itacen ya motsa ba. Sai laimar ta sauko ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100 sannan jikinsa ke fara tsukewa, kuma ba zai tsaya ba sai ya daidaita da iskar da yake ciki, wato wajen kashi 10 zuwa 12 a gidan da ake ɗumamawa a irin sanyin Kanada. Gungume mai kauri yana ɗaukar shekaru kafin cikinsa ya kai can. Kada ka yarda da wanda ya ce maka ya ajiye gumaguman shekara guda a inuwa don haka sun bushe. Bayan ne ya bushe. Ka soka allurar na'urar auna laima can ciki, ta wuce santimita 3, ka karanta da idonka. Ban da motsewa, nauyin rufi da dusar ƙanƙara yana danne leɓɓan kwarin da aka fafe a ƙarƙashin kowane gungume don ya zauna a kan na ƙasansa, sannan idan tsaga ta buɗe a cikin kwarin, sai ya ƙara faɗi gungumen ya ƙara zama a kan na ƙasansa. Waɗannan ukun ne suke haɗuwa su zama saukar bango.

Ƙa'idar da ƙungiyar maginan gidajen gungume ta ILBA ta bayar ga ɗanyen gungume ita ce kashi 6 cikin 100 na tsayi: santimita 6 a kowace mita, ko kashi uku cikin huɗu na inci a kowace ƙafa. Bangonmu mita 2.7 ne, zai iya sauka santimita 16. Ƙofa mita 2.1 ce, giɓinta santimita 13. Taga mai tsayin mita 1.2, santimita 7 da ɗan ɗori. Lura da kyau, tsayin ramin kaɗai kake lissafawa, domin gumaguman da ke ƙarƙashin taga suna sauka tare da ita. Gumaguman da aka busar a gidan wuta har laimarsu ta koma ƙasa da kashi 19 ba sa sauka haka, amma su ma suna sauka, kuma ana bar musu giɓi daidai da abin da na'ura ta nuna. Yawancin saukar a shekara biyun farko take aukuwa, sauran ta ci gaba a hankali har shekara ta huɗu ko ta biyar.

Yanzu ga yadda ake sa firam. Inda aka yanke bango don ƙofa, bakunan gumagumai sun rasa abin riƙo, kowanne na iya karkacewa ciki ko waje. Sai ka tsaga hanya a tsaye a jikin bakunan nan daga sama har ƙasa, faɗin santimita 5, zurfin santimita 5, da zarton inji, ka share da cizal. Ka sa lebur ka tabbata a miƙe take, domin in ta karkace sandar za ta cije. A cikin hanyar za ka zura sandar katako busasshiya mai inci biyu-biyu, ko ƙarfe mai kusurwa. Ta shiga da ɗan bugun guduma, ba a matse ba, ba a sake ba. Ƙasanta ya zauna a kan gungumen ƙasa, samanta kuma ya gaza da tsawon giɓin da ka lissafa. Maginan Suwidin da Finlan sun daɗe da wannan dabara: sandar na riƙe gumagumai a layi ɗaya, su kuma suna zamewa a jikinta zuwa ƙasa.

Firam ɗin a jikin sandar nan kaɗai ake ɗaure shi. A nan ne yara suke ɓata aiki, su ɗauko sukuru mai inci huɗu ya ratsa firam, ya ratsa sanda, ya kama gungume a baya. Sukuru ɗaya irin wannan ya isa ya rataye gungumen a sama, na ƙasansa su sauka su bar shi, iska ta sami hanya. Ka auna kaurin firam da na sanda, ka zaɓi sukurun da bai kai jimlarsu ba.

Giɓin sama kuma ba a barinsa wayam. Ka cusa ulu ko audugar gilashi a sake, yadda za ta matsu idan bango ya sauko. Kumfar gwangwani da ake fesawa ta kumbura, wadda mai gidan ya sayo, ka ce ya mayar. Idan ta bushe tauri take yi, ta manne firam da gungume, ta ɗora nauyin bango a kan ƙofa. Daga nan sai ka rufe giɓin da allon ado ciki da waje, faɗinsa ya fi giɓin. Ka buga shi a jikin gungumen sama kaɗai, ya sauko ya lulluɓe kan firam ba tare da ƙusa ba, na waje kuma a sa masa ɗan kwano a kai don ruwa. Idan aka ƙi yin haka, alamar farko ƙofa ta fara gogar ƙasa, sai a kira kafinta ya fere ta. Bayan wata shida ta sake kamawa. Daga nan saman firam ya lanƙwashe, gilashin taga ya fashe da tsakar dare ba wanda ya taɓa shi. Abin da ya fi muni, gumaguman da ke saman ƙofa sun hau kan firam sun tsaya, sai tsaga ta buɗe hagu da dama tun daga kusurwar ƙofa, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an ciro firam ɗin gaba ɗaya.

Da zarar ka gane ƙofa, sauran duk ka gane su. Ka zaga gidan ka tambayi kanka: mene ne a tsaye a nan wanda ba zai rage tsawo ba? Na farko ginshiƙai. Biyun da ke ɗauke da baranda da wanda ke tsakiyar falo gumagumai ne a tsaye, tsawonsu ba zai canja ba, bangon da ke kewaye da su kuwa zai sauka. Shi ya sa aka ɗora kowanne a kan jak: sandar ƙarfe mai zare, da noti, da farantin ƙarfe. Ginshiƙi mai mita 2.4 yana bukatar zaren da zai ba shi damar sauka santimita 15. Kada a rufe jak ɗin da siminti ko allon da ba ya ciruwa. A yi masa akwatin katako mai sukuru, wanda sifana zai shiga. In ba a riƙa sassauta notin jak ɗin yayin da bango ke sauka ba, tsakiyar benen zai yi tozo, rufin baranda ya ɗaga baki yana mayar da ruwa jikin bango.

Bangon raba ɗakuna na katako da allo shi ma a tsaye yake. Ka bar masa giɓi a sama ƙarƙashin katakon bene, ka rufe da allon ado da ke rataye daga sama. Inda ya haɗu da gumagumai, ka tsaga musu hanya allon ya shige ciki, katakon ƙarshe kuma ka yi masa dogayen ramuka a tsaye, ka sa noti da wosha a saman kowane rami, kada ka ɗaure tamau. Matattakalar bene a ɗaure samanta, a bar ƙasanta ta iya zamewa, ko a ɗora ta a kan dandamalin da za a rage daga baya. Kabad ɗin kicin na sama a rataye shi a gungume ɗaya tak. Tayil na banɗaki kada ya taɓa gungume. A yi masa bangonsa daban a gaba.

Bututun hayaƙi yana bukatar a tsaya a kansa, domin nan ruwa da wuta suke haɗuwa. Ginin bulo ne daga fandisho har sama, ba ya sauka ko kaɗan, rufi kuwa zai sauko a kewayensa. Kada a ɗaure wani katakon rufi a jikinsa, kuma a bar tazarar da dokar gini ta wurin ta gindaya tsakaninsa da itace. Kwanon da ke tare ruwa a gindinsa gida biyu ake yi: ɗaya a jikin rufi yana kallon sama, ɗaya a jikin bulo yana lulluɓe shi daga sama, kuma su haye juna da tsawon da ya wuce saukar da ake tsammani. In sun haye da santimita 8 kawai bango ya sauka 16, ka ga ruwa ya sami ƙofa. Haka za ka gaya wa mai aikin famfo: bututun da ya hau bene a tsaye yana bukatar mahaɗi mai zamewa, na ruwan sha kuma a yi masa lanƙwasa ko a sa mai laushi. Mai wayarin ya bar sassauci a wayar, kada ya bi da ita ta cikin giɓin ƙofa a miƙe.

Batun shafe bango, a bar gaggawa. A wanke shi, a shafa maganin boret don ƙwari da ruɓa, a bari ya sha iska, kuma kada a shafa komai sai na'ura ta nuna bayan itacen ya sauko ƙasa da kashi 20. Abin da ake shafawa shi ne mai launi da ke shiga jikin itace ya bar shi yana numfashi. Fenti mai kauri ko banish yana kulle laima a ciki, ya ɓare kamar fatar maciji, ƙarƙashinsa ya yi baƙi. Bakunan gumagumai da suka fito a kusurwa sun fi ko'ina shan ruwa, a ba su shafi biyu ko uku. Tsaga za ta fito, dole ne, kuma yawancinta ba ta rage ƙarfin gungume. Wadda za ka damu da ita ita ce ta waje mai kallon sama, domin tana tara ruwa. In ta wuce milimita 6, ka tura igiyar soso a ciki, ka bi da abin liƙi mai miƙewa a kai. Kada ka cika ta har ƙasa, zai yage idan itacen ya motsa.

Tarewa kuwa, zai iya tarewa bana, ba abin da ya hana. Sai dai ya yi wa murhu sannu a sanyin farko. Idan ya cika wuta dare da rana, fuskar gumagumai ta ciki za ta bushe da sauri alhali cikinsu na jiƙe, sai su tsage da faɗi, har zai riƙa jin ƙararsu kamar harbi. Ya ɗumama a hankali, ya ajiye na'urar auna laimar iska, ya yi ƙoƙari kada ta faɗi ƙasa da kashi 30 cikin 100, kuma kada ya jingina manyan kaya a bango yadda iska ba za ta zaga ba.

Gobe ka zo da tef da fensir. A jikin firam ɗin ƙofar gaba, ta bayan allon ado, ka ja layi daidai bakin allon ka rubuta kwanan wata, don a riƙa gane yawan saukar da bango ya yi. Ka yi haka a taga ɗaya ta kowane gefe, ka auna zaren da ya rage a kowane jak, ka rubuta duka a takarda ka ba shi. Ka nuna masa yadda ake juya notin jak da hannunsa, kaɗan-kaɗan, yana duba lebur a kan katakon bene, da yadda ake ƙara ɗaure notin dogayen ƙarafan da suka ratsa bango daga sama zuwa ƙasa, don suna sakewa idan bango ya sauka. A shekarar farko ya duba duk bayan wata biyu ko uku, musamman ƙarshen sanyi, daga baya sau biyu a shekara. Ranar da ya ga allon ado ya kusa taɓa kan ƙofa, ya cire shi ya rage masa faɗi, ya leƙa giɓin ya tabbata da saura.