Yadda mu mutanen Zangon Kumasi muke yi da mai taɓin hankali

Baffa, ka tambaye ni ko mu da kakanninmu suka baro ƙasar Katsina a fataucin goro suka zauna a Kumasi muna gaggawar kai mai taɓin hankali asibiti fiye da ku mutanen Daura. Gaskiya ba mu fi ku ba. A nan ma wurin malam ake farawa, a yi tofi da ruƙiyya, a sha rubutu, sai abin ya gagari gida sannan a tuna da likita.

Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, shekaru kafin Buhari ya sa hannu a taku a 2023, amma manyan asibitocin gwamnati na wannan ciwo uku ne, Akra da Pantang da Ankaful, kuma duk suna can kudu wajen teku. Mu dai muna da sashe a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, sai dai wanda ke arewacin ƙasar tafiya ce mai cin kuɗi a gabansa, ga magani da ake sha wata da watanni, wanda iyali kan daina saye da zarar mara lafiya ya ɗan lafa.

Abin da ya fi ɗaure mu, a ganina, zaman zangon ne kansa. Kowa ya san asalin kowa, kuma kafin aure ana bincike ko akwai hauka a dangi, saboda haka uwa za ta gwammace ta ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki ta ce iska ce, da a gan ta a layin asibiti a fasa auren 'yan matanta. Sai kuma harshe. Matar da ta rikice bayan haihuwa, wadda Hausa ce kawai a bakinta, takan zauna gaban likita mai jin yaren Asante da Turanci, ƙanen mijinta na yi mata tafinta. Yaya za ta ce a gabansa ba ta son ganin jaririn? Sai ta ce ciwon kai ne, a sallame ta da maganin ciwon kai.

Ka yi maganar gidan marin da 'yan sanda suka buɗe a Daura a 2019. Irinsa na nan a wasu sansanonin addu'a na Kiristoci da wuraren masu maganin gargajiya, inda ake ɗaure mutum da sarƙa a jikin bishiya, ko da yake hukuma ta hana hakan tun 2017.