Shin dole ne yaro ya halarci sansanin horon karate kafin jarrabawar ɗamara?

Hajiya, kin tambaya ko wajibi ne ɗanki ya je sansanin horon kwana uku da ƙungiyarsu ta shirya kafin a sauya masa ɗamara, ko kuwa dabarar karɓar kuɗi ce kawai. Wannan ya danganta da dokar ƙungiyar, domin kowace makarantar karate tana da nata tsarin, har launukan ɗamarar ma sukan bambanta.

Tsarin matakan an aro shi ne daga judo, kuma Gichin Funakoshi, wanda ya kafa salon karate na Shotokan, ya ba ɗalibansa matakin dan (matakin masu baƙar ɗamara) na farko a Japan a 1924. A salon Shotokan ana gwada ɗalibi a abubuwa uku: kihon, wato naushi da shuri da kariya, kata, jerin motsin da ake haddacewa, sai kumite, karawa da abokin horo. Mai farar ɗamara, wato sabon shiga, yawanci kata mai suna Heian Shodan ake nema ya nuna, kuma alƙali zai duba ko gwiwarsa ta gaba ta lanƙwasa sosai, ko diddigensa na baya yana ɗagawa daga ƙasa. Irin waɗannan kurakurai ne sansani yake gyarawa, saboda ana horo safe da yamma a gaban babban malami, wanda sau da yawa shi ne zai yi alƙalancin.

A ganina, mai matakin farko da ke zuwa horo a kai a kai zai iya ci ba tare da sansanin ba, amma mai neman baƙar ɗamara kada ya bari ya wuce shi. Ki nemi a rubuta miki kuɗin sansani daban da na jarrabawa, sannan ki tambayi wace hukuma ce za ta sa hannu a takardar shaidar.