Sunan ƙabila da na ƙasa a Ingilishi: babban harafi ko ƙarami?

Tambaya: Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce malaminsa na Ingilishi yakan ja masa jan biro duk sanda ya rubuta hausa ko nigerien da ƙaramin harafi, alhali haka aka koya masa a Faransanci. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malamin ne ke da gaskiya, amma shi ma ɗalibin ba da ka ya yi ba, ƙa'idar Faransanci ya kwaso. A Faransanci, cikin irin waɗannan kalmomi, wadda ke nufin mutumin ƙasar ko ƙabilar ce kaɗai ke ɗaukar babban harafi, kamar un Nigérien. Sunan harshe da siffa kuwa da ƙarami ake rubuta su: le haoussa, un plat nigérien. Ingilishi ba ruwansa da wannan rarrabewa. Ko mutum ake nufi, ko harshensa, ko abincinsa, harafin farko babba ne, ko da a tsakiyar jimla: a Nigerien trader, she speaks Hausa, Yoruba food. Dalili shi ne duk daga sunan yanka na ƙasa ko na al'umma aka samo su.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne in an liƙa wa kalmar ɗafa-goshi, wato ɗan ƙarin da ake sa wa a farkon kalma. Ɗafin ƙarami ne, sunan yana nan da babbansa: non-Hausa, anti-French. A kuma kula, Nigerian ɗan Najeriya ne, Nigerien ɗan Nijar; harafi guda ke raba su.

Launin fata kuma har yau ba a daidaita a kansa ba. A 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya koma rubuta Black da babba in ana nufin baƙaƙen fata a matsayin al'umma, ya bar white da ƙarami. Jaridar Washington Post ta ɗaga duka biyun. Mai rubutu ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai, kada ya yi ta sauyawa cikin takarda guda.

Hausar boko ta fi kusa da Ingilishi a nan: Bahaushe, Katsinawa, Fulatanci. Sai dai ba kowace kalma mai ɗafin ba- ke nuna asali ba. Baduku da bafada da baƙauye ƙananan haruffa ne, don sana'a ko matsayi suke nunawa. Haka ma Bature: in mutumin Turai ne, babba, in kuwa baturen zaɓe ne, wanda mai yiwuwa Bakano ne, ni dai da ƙarami nake rubuta shi.