Irin Funfuna Barci Yake, Ba Mutuwa Ba

Wai kana tambaya ta yaya wannan garin irin funfunar Metarhizium da muke busarwa don kashe fara yake samun furotin ɗin fid da tsiro, alhali a bushe yake ƙamas. Yaro, da ka rage latsa waya ka riƙa leƙa madubin ƙara girma, da ba ka tambaya ba.

Kowace ƙwayar irin nan barci take yi. Tun kafin ta bushe an ɗura mata guzuri: raibozom masu haɗa furotin, da saƙonnin RNA masu ɗauke da umarnin haɗa furotin ɗin a shirye, da sukarin tirehalos mai kare ta daga zafi da bushewa. Ruwa da ɗan abinci na taɓa ta, sai raibozom su jeru a kan saƙonnin su kama aiki, ba jira. Ta kumbura, ta cinye sukarin, sannan ta fiddo ɗan zare. Zuba mata sinadarin saikloheksimaid mai tsayar da raibozom ka gani, zaren nan ba zai fito ba. 

Ga abin da ke ci mini rai. In ta farka ta cinye sukarin, kariyarta ta tafi. Ta sake bushewa, ta mutu ke nan.

Wani dillali ya taɓa ɗaukar kayana bashi. Na busar da shi har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100, na liƙe a leda mai hana iska. Mutumin nan ya farke ledojin, ya gauraya da wani gari don nauyi ya ƙaru, ya jibge a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Da ya ga ya dunƙule sai ya shanya a rana, ya dawo yana rantsuwa da Allah wai mataccen iri na ba shi. Na ɗiba na sa a madubi a gabansa: ƙwayoyin duk a kumbure, wasu da guntun zare a ƙandare. Matacce yana fid da zare? A hannunsa suka farka, a hannunsa suka mutu. Ya kau da kai ya ce shi bai karanta wannan ba. Ko anini bai biya ba, ya bi manoma yana ɓata mini suna, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba.

Ku 'yan yanzu komai gaggawa. Na sake ganin ka buɗe leda da jiƙaƙƙen hannu, ko ka bar ta a buɗe ka tafi hira, ranar za ka bar wurin nan.