Yabon kai jahilci ne, amma ban da ofishin manaja

Wasiƙar wannan makon daga wata ƙanwarmu ce, ma'aikaciyar jinya a arewacin Ingila. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta.

"Assalamu alaikum Anti. Na kusa cika shekara biyu da samun rajista, ina mataki na 5 na albashi a wani asibitin NHS, wato na gwamnati. Manajarmu ta turo min fom, ta ce nan da mako uku za mu yi zaman bitar aikin shekara. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. A bana na yi kuskure sau ɗaya, na makara wajen ba wani dattijo maganinsa, ni da kaina na kai rahoto. Akwai kuma horon dole guda biyu da lokacinsu ya wuce ban yi ba, saboda duk ranar hutuna ƙarin duti nake karɓa don in cika kuɗin gida. Tsorona kada zaman ya yi muni su sallame ni, biza ta tafi. Na yanke shawarar in ja bakina, duk abin da ta ce in ce to. Ga Yaya kuma ya matsa min, wai tunda zan zauna da shugabata, in nemi ƙarin albashi, in kuma roƙe ta ta ɗauki ƙaninmu aikin kula da tsofaffi. In ta ƙi, akwai wani ejan da ya ce zai samo masa CoS, takardar ɗaukar nauyi da kamfani ke bayarwa don neman bizar aiki, ni ce zan biya. Ya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba a korar ma'aikaciyar jinya a zaman bitar shekara. In asibiti na son raba mutum da aikinsa saboda gazawa, hanya ce daban mai tsawo: wasiƙa a rubuce, lokacin gyara, zama bayan zama, kuma kina da haƙƙin zuwa da wakilin ƙungiyarki, ko RCN ko Unison. Abin da asibiti ke sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, mai kula da biza, shi ne irin su barin aiki, ko ɓacewa fiye da kwana 10 na aiki a jere ba da izini ba. Abin da manaja ta rubuta a fom ɗin bita ba ya cikinsu. Kwana 60 ɗin nan da ake ba mai biza ya samo wani aiki ko ya bar ƙasar, sai an rabu da aikin tukuna ake fara maganarsa, ke kuwa ko hanyar ba ki kama ba.

Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne shirun da kika ce za ki yi. Nan ne ramin yake.

An tashe mu a kan yabon kai jahilci ne, kuma in babba na magana a sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai kyau a tsakar gida. Ni ma da ita na shiga zamana na farko shekarun baya, a wani ɗan ofis da bai fi kicin ba, manajar riƙe da kofin shayi. Ta tambaye ni me na yi a shekarar da nake alfahari da shi. Na dubi takalmina na ce ina dai iya ƙoƙarina. Ta jira, na yi shiru, ta ɗauki biro. Da takardar ta zo hannuna, sai na ga ta rubuta cewa ina buƙatar ƙarin yarda da kaina kafin a ba ni jagorancin duti. Shekarar kuwa sau nawa na riƙe ɗakin da dare in babbar ba ta nan! Matar ba mugunta ta yi min ba. Ma'aikata wajen talatin ne a ƙarƙashinta, ba ta dutin dare, abin da ban faɗa ba ba ta san shi ba. Kunyar da na yi mata, ita rashin iyawa ta karanta.

Saboda haka fom ɗin nan shi ne rabin zaman, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ware yamma biyu cikin makon nan, ki buɗe jadawalin dutinki na shekara da imel ɗinki, ki bi su wata-wata. Ranar da kika lura numfashin wata tsohuwa ya sauya kika kira likita kafin abin ya ƙazanta, rubuta. Ɗalibar da kika zauna da ita har ta iya ɗaurin ciwo, rubuta. Katin godiyar da iyalan majinyaci suka kawo aka manna a ɗakin hutawa da sunanki a ciki, ki kwafe abin da suka ce, amma ban da sunan majinyacin. Kada ki rubuta "ina da haƙuri da himma", kowa haka yake rubutawa. Ki ce ga abin da ya faru, ga abin da na yi, ga yadda ya ƙare. Abu huɗu ko biyar irin wannan sun isa. In bakinki na nauyin cewa "ni na yi", ki ɗauka shaida kike bayarwa a kan wata baiwar Allah da kika ga aikinta. Faɗin abin da ya auku ba alfahari ba ne.

Ki kuma nemo fom ɗin bara. Duk abin da kuka amince za ki cim ma, da shi za ta fara.

Batun maganin dattijo, ke za ki fara tayar da shi, kada ki jira ta. Ta riga ta sani, rahoton ta teburinta ya bi. Abin da take son ji shi ne me ya sauya tun daga ranar: yanzu kina duba takardar magunguna kafin ki karɓi duti, ko kina neman taimako in aiki ya taru miki. Kai rahoton kanki da kika yi shi ne ainihin abin da ƙa'idar NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, ke nema, a faɗi gaskiya in an yi kuskure. Har ma zai yi miki amfani baɗi. Kin san duk shekara 3 ake sabunta rajista: sa'a 450 na aiki, sa'a 35 na ƙarin ilimi, ra'ayoyi biyar a kan aikinki, da rubutu biyar na waiwaye. Wannan kuskuren rubutu ɗaya ne cikin biyar ɗin, kuma galibi manajar da kike gudu ita ce za ta sa hannu ta tabbatar. Ki tambaye ta tun yanzu.

Horon dolen nan kuwa, a nan ne kuɗinki yake, ba a bakin Yaya ba. A tsarin albashin NHS na Ingila, mai mataki na 5 tana hawa zangon albashi na gaba ne bayan shekara 2, sannan na ƙarshe bayan wasu 2. Hawan ba ya zuwa da kansa. Sai an yi miki bita cikin wata 12 da suka wuce an gamsu, kin kammala horon dole, kuma babu hukuncin ladabtarwa ko shari'ar gazawa a kanki. Kin ce kin kusa cika shekara biyu. Ma'ana kwas biyun da kika bari don ki yi ƙarin duti su ne za su iya jinkirta miki ƙarin da za ki riƙa samu kowane wata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na kwamfuta ki gama shi daren yau. Wanda sai an je aji, ki nemi gurbi gobe, ki buga takardar shaidar gurbin ki tafi da ita zaman. Manaja ta fi sauƙin kai ga wadda ta zo da ranar gyara a hannu.

Wani abu kuma, tunda kin ambaci ƙarin duti: in da wani kamfani daban kike yi, ba asibitin da ya ɗauki nauyinki ba, kada ya wuce sa'a 20 a mako. Wannan kam yana taɓa biza, ba kamar fom ɗin bita ba.

Ɓangaren ci gaba shi ne wanda 'yan'uwanmu ke barin shi fayau, alhali shi ne naki. In kina son mataki na 6, ki faɗa da bakinki. Ki nemi abu biyu da za a iya rubutawa da kwanan wata: a riƙa ba ki jagorancin duti tare da wata babba na 'yan watanni, ko a tura ki kwas ɗin duba ɗalibai. In ta faɗi wani laifi da ba ki yarda ba, ki ce ta ba ki misali. Kada ki sa hannu sai kin karanta, akwai gurbin da za ki rubuta naki bayanin.

Yanzu ga Yaya. Ina girmama shi, amma a wannan karon ina bayanki. Manajar ɗaki ba ta da ikon ƙara miki ko fam ɗaya, albashin a rubuce yake ga kowa a ƙasar. Ba ta kuma ɗaukar ƙanin kowa aiki. A gida in ka samu ganin oga sai ka zazzage masa duk buƙatun dangi, to nan in kika yi haka, sa'a ɗayan da aka ware don ke za ta ƙare a kan wanda ba ya ɗakin, matar kuma ta fara tunanin hankalinki ba ya kan aiki.

Ejan ɗin nan ɓarawo ne, ban tauna ba. Tun 22 ga Yuli 2025 Birtaniya ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Duk wanda ya ce yau zai kawo ƙaninki daga Najeriya ta wannan ƙofar, ƙofar da aka toshe yake sayar muku. Ko lokacin da take buɗe, CoS ba hajar sayarwa ba ce, kamfani ne ke biyan kuɗinta, kuma an hana shi ɗora wa ma'aikaci. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnati ta soke lasisin ɗauko ma'aikata daga waje na kamfanonin kula fiye da 470, kuma mutanenmu na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Na zauna da wani yaro da aka sayar da gonar gado aka biya masa. Ya sauka, ya je adireshin da ke jikin takardar, ya tarar da ƙofa a kulle da wasiƙu sun taru a ƙasanta. Wata uku yana kwana a falon wani bawan Allah, lambar ejan ba ta shiga, gida kuma ana kiransa ana tambayar yaushe zai fara aike. Wata yarinya kuma takardarta ma ta bogi ce, aka hana ta biza, aka kuma rubuta mata yaudara a fayil, abin da kan jawo haramcin shekara 10. In kuɗin ya fita daga asusunki, sunanki ya shiga cikin maganar, ke da kike jiran takardar zama ta dindindin.

Ban ce ki daina taimakon gida ba, Allah ya kiyaye. Haƙƙin iyaye daban ne, kuma ba a wasa da shi. Amma ki duba wasiƙarki da kyau: gajiyar da ta sa kika makara da magani, da ranakun hutun da suka cinye horonki, duk daga wuri ɗaya suka fito. Mutanen gida fam suke gani su buga da naira, ba sa ganin haya da haraji da kuɗin wuta a watan Janairu. Ba za su sani ba sai kin faɗa, kamar dai manajarki. Wanda ke cewa ki ƙara duti ba shi zai tsaya gaban NMC ba in hannunki ya kuskure da asuba.

Ki yanke abin da za ki iya aikawa duk wata daga albashinki na asali, ba tare da ƙarin duti ba, ki fara sanar da Hajiya in tana raye, don kada labarin ya iso mata a karkace. Sannan ki kira Yaya, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce kin bincika, hanyar an rufe ta tun Yulin 2025, ba za ki saka kuɗinki ba, amma in ƙaninku na son karatun jinya ko wata sana'a a gida, za ki ɗauki wani kaso na kuɗin makaranta. Zai yi fushi, wataƙila ya kwana biyu bai ɗaga wayarki ba. Ki ci gaba da gaishe shi ranar Juma'a. Kiran nan kuma ki bari sai bayan zaman, kada ki shiga ofishin manaja da muryarsa a kunnenki.

Daren da za a yi zaman kada ki karɓi duti. Ki buga fom ɗinki kwafi biyu, kuma in ta yi tambaya ki dube ta a ido. In an gama ki rubuto min abin da ta ce game da mataki na 6.