Tambaya da Amsa: Magajin Garin Kolon da Ya Zama Shugaban Gwamnatin Jamus

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A majalisarmu ta bayan la'asar wani ya ce mutumin da ya fara shugabancin gwamnatin Jamus ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu asalinsa magajin gari ne, wato kwatankwacin shugaban ƙaramar hukuma a nan. Da yawanmu mun ƙi yarda. Shin gaskiya ne, kuma me ya yi wa garinsa? Daga wani malamin makaranta, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin hirarku ya faɗi gaskiya. Sunan mutumin Konrad Adenauer, garin kuwa Kolon ne, wanda dattawanmu masu sauraron rediyo suka sani a matsayin mazaunin Muryar Jamus kafin ta koma Bonn. A can aka haife shi a 1876, ya karanta shari'a, ya shiga aikin hukumar birnin a 1906. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi aka ɗora wa nauyin ciyar da jama'ar birnin, kuma da alkama ta yi wuya sai ya fito da wani burodi da ake haɗawa da garin masara. A 1917 majalisar birnin ta zaɓe shi magajin gari yana da shekara 41.

Ya karɓi gari a mummunan lokaci, domin shekara guda bayan hawansa Jamus ta sha kashi, sojojin Birtaniya suka mamaye Kolon har zuwa 1926, kuɗin ƙasar kuma ya lalace. Duk da haka a 1919 ya sake buɗe jami'ar birnin wadda ta fi shekara ɗari a rufe. Tsofaffin ganuwoyin soja da suka kewaye garin, waɗanda sharuɗɗan sulhu suka tilasta a rushe, bai bari an yanka filinsu fuloti-fuloti an rabar ba, ya mayar da shi dausayi na itatuwa da wuraren wasanni wanda mutanen Kolon suke amfana da shi har yau. Wannan aikin ne ya fi burge ni a cikin ayyukansa, saboda duk wanda ya ga yadda filayen jama'a suke ɓacewa a garuruwanmu ya san irin matsin lambar da shugaba yake fuskanta a kan fili. Ya buɗe filin baje kolin kasuwanci a 1924, ya gina babbar gada a kan kogin Rhine a 1929, ya jawo kamfanin motoci na Ford ya kafa masana'anta a birnin, sannan a 1932 ya buɗe babban titin mota tsakanin Kolon da Bonn. Ba a rasa masu sukarsa ba, kuma suna da hujja: ayyukan sun jibga wa birnin bashi mai nauyi, shi kansa kuma mutum ne mai son a bi ra'ayinsa.

A watan Fabrairun 1933 Hitler ya zo Kolon yaƙin neman zaɓe, Adenauer ya ƙi zuwa tarbarsa, ya kuma sa aka sauke tutocin 'yan Nazi daga wata gadar birnin. Cikin watan Maris suka tuɓe shi. Ya ɓuya a gidan ibada na Maria Laach, an kama shi a 1934, an sake tsare shi a 1944. Da yaƙi ya ƙare a 1945 Amurkawa suka mayar da shi kujerarsa, amma a watan Oktoba na wannan shekarar Turawan Birtaniya suka sallame shi bisa zargin gazawa. Daga nan ya duƙufa wajen gina jam'iyyar CDU, ya zama shugaban gwamnati a 1949 yana da shekara 73, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, ya riƙe muƙamin har 1963, ya rasu a 1967.

Sai dai, Malam, kwatanta shi da shugaban ƙaramar hukuma yana buƙatar gyara. Wa'adin da aka ba shi a 1917 na shekara 12 ne, aka kuma sabunta masa a 1929, birnin yana da harajinsa da ikon tsara ayyukansa. Wanda ya san zai shekara goma sha biyu a kujera yana iya dasa itace ya ga inuwarsa. Shugabanninmu na ƙananan hukumomi 774, har da 17 na Jihar Filato, sun daɗe suna zaman jiran abin da gwamna zai sakar musu daga asusun haɗin gwiwa, wasunsu ma kantomomin riƙo ne da ake iya cirewa a kowane lokaci. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, mataki ne mai kyau, amma a ganina ba zai wadatar ba muddin gwamna ne yake da ta cewa a kan wanda zai hau kujerar da ranar da zai sauka.

TAMBAYA: Shin a yau gwamnati ce take naɗa magajin gari a Jamus, kamar yadda ake naɗa ministan Abuja? Daga wata ma'aikaciya, Kubwa, Abuja.

AMSA: A'a, Hajiya. A yawancin biranen Jamus jama'a ne suke zaɓen magajin gari kai tsaye, kuma kundin tsarin mulkin 1949 ya tabbatar wa garuruwa ikon tafiyar da al'amuransu. Berlin, babban birnin ƙasar, jiha ce mai zaman kanta, majalisar dokokinta ce take zaɓen magajin garin, wanda matsayinsa daidai yake da na shugabannin sauran jihohi. Willy Brandt ya riƙe wannan kujera a Berlin ta Yamma daga 1957 zuwa 1966 kafin shi ma ya zama shugaban gwamnati a 1969. A Kolon kuwa, mace ta farko da ta hau kujerar Adenauer ita ce Henriette Reker, wadda aka zaɓa a 2015 tana kwance a asibiti, kwana ɗaya bayan wani mai ƙyamar baƙi ya daɓa mata wuƙa saboda aikinta na kula da 'yan gudun hijira.